Ɗinkin Ƙarfe a Tuzla

Ranar da na shigo Tuzla
da takalmin aro da jakar leda,
ban san yadda ake riƙe bakin walda ba.
Iskar teku na zuba mini gishiri a leɓe,
jiragen ruwa kwance a kan turaku
kamar shanun da aka feɗe, haƙarƙari a waje.

Usta Nevzat ya dube ni sau ɗaya.
Ya ce, "Hannunka na rawa. Ba laifi.
Wanda hannunsa bai taɓa rawa ba
bai san nauyin wuta ba."
Wata shida kamfani na biya,
da safe ina aji, da rana ina bayansa,
ina ɓata ƙarfen da ba ni na saya ba.
Sau goma sha ɗaya ya fasa ɗinkina da guduma.
A na goma sha biyu ya shafa da babban yatsa,
ya miƙo mini shayinsa, bai ce uffan ba.
Har yau ban sha abin da ya kai shi zaƙi ba.

Ercan kuwa, da muka shigo rana ɗaya,
rumfa ta uku aka jefa shi,
inda ba aji, ba malami, sai "yi sauri".
Ya koya da ƙuna, ya koya da zagi,
har ya fi ni hannu, ba na musu.
Ƙarshen shekara aka tara mu a ɗakin cin abinci,
aka kira shi, aka ba shi allon roba
mai rubutun ruwan zinariya,
an ma ci harafi ɗaya a sunansa.
Aka yi tafi. Aka ɗauki hoto.
Albashinsa na nan inda yake,
kuɗin haya ne ya yi tsalle.
Sanyi na wucewa ya tafi Yalova,
ya bar allon a kan akwatin kayan aiki.
Da shi muke tokare ƙofa idan iska ta taso.

Ni ma sun zo mini.
Wani mai baƙar mota ya tare ni a bakin ƙofa,
ya ambaci kuɗin da ya sa muka kwana lissafi da Sevgi:
makarantar yarinya, haƙorin mahaifiyata,
firjin da ke gurnani cikin dare.
Ba zan yi ƙarya ba, zuciyata ta ɗaure kaya.
Da safe na hau ofis na faɗi gaskiya.
Feride Hanım ta buɗe littafi,
ta karanto jirage bakwai da na ɗinka,
har da mai dakon alkama da na manta,
ta ce ko ɗigo bai shiga ta inda na bi ba.
Ta ƙara mini. Bai kai na mai mota ba.
Ta ce daga Litinin
yara huɗu za su tsaya a bayana.

Na zauna. Kada ku ce don kirki ne.
Ciki ba ya cin yabo, Ercan shaida ne,
amma na ga wanda aljihunsa ya cika ya tafi
don ba mai tuna aikin hannunsa.

Nevzat ya ajiye aiki, wuta ta cinye masa gani.
Ran Juma'a yakan zo ya zauna kan tsohuwar taya
yana sauraron ƙarar walda,
daga sautin kaɗai yake gane mai gaggawa.

Yau ƙaramin cikinsu, Tayfun, ya kawo ɗinkinsa na tara.
Hannunsa na rawa.
Na ɗaga guduma, ya runtse ido.
Shayina na kan benci yana hucewa,
ban kurɓa ba tukuna.