Mai Caji a Bakin Gidan Waya

Shekara talatin da ɗaya
na yi a bakin gidan waya na Damagaram:
tebur ɗaya, kujera biyu, biro da ambulan.
Wanda bai iya rubutu ba, ni ne hannunsa.
Na rubuta "bayan gaisuwa mai yawa"
har yatsana ya yi kanta.
Na san wanda ɗansa ya yi shiru a Sabha,
na san wadda ke bin ƙaninta kuɗin akuya.
Ban taɓa faɗa ba.
Kuma kafin a kai ga maganar sai an sha shayi,
sai an tambaya ko famfon Garin Malam ya kawo ruwa.

Sai waya ta shigo aljihu,
ko sallama babu.
Yau tsohuwa ma dannawa take, ta yi magana, ta saki,
kafin ta gyara ɗankwali murya ta isa Agadas.
Ban ji haushi ba, ta fi ni sauri.
Ni kaina Tsahara kan aiko mini daga Yamai
dariyar jikana,
in saurara sau bakwai kafin barci ya zo.

Amma gizo ya yi saƙa a kujera ta biyu.

Mato baduku, abokin darata tun muna da haƙora,
jikansa ke ɗaukar hoton jakunkuna
ya sayar wa mutanen da ba su san ƙofar Birni ba.
Kuɗi na faɗowa cikin waya,
ba tayi, ba albarka, ba rantsuwa.
Ya ce, "Lawali, ciniki ya fi na da,
sai dai yini nake bakina na tsami."

Mushe Kiyari, da ya bar lakwal,
yana da mutum ɗari biyu a cikin wayarsa,
kowace Juma'a su jefo masa furanni da addu'a.
Ranar da jiri ya kayar da shi a tsakar gida
mai ƙosan bakin lungu ce ta ji.

To.
Na sayar da tumaki biyu,
na sayo farantin nan mai shan rana,
na jingina shi da dutsen bayan rumfata.
Caji dala ashirin.
In an ɗauke wuta, kuma garin nan ba a rasa ɗaukewa,
sai ga su ɗaya bayan ɗaya, da sanda, da tari,
kowa ya miƙo mini tasa
kamar mai ba da ajiyar jariri.

Hannu ba ya son zama haka nan.
Mato ya tona gurabun dara a ƙasa,
Kiyari ya hura gawayi yana gyara mana Faransanci,
Hajiya Barira, da ta ce ba zama za ta yi ba,
ta zauna
har ta ba mu labarin shekarar da ta tafi Makka a mota.

Igiyar cajina tsohuwa ce,
tafiyar hawainiya take.
Wani yaro, Mutari, ya ji tausayina,
ya kawo mini sabuwa daga Kasuwar Dole:
"Baba, rabin awa ta cika."
Na sa masa albarka.
Tana nan cikin akwatin ambulan,
ko ledarta ban ɓare ba.

Jiya wayar Mato ta cika tun la'asar.
Na ga koren ya kunnu,
na kife ta a hankali.
Ya gan ni.
Ya dubi rana, ya dubi hanyar Birni,
ya jujjuya ƴan duwatsun da ke tafinsa,

ya ce, "Kai ake jira. Taka."