Gurbin Kaka

Ran Talata na hau kabu-kabu daga Mabera,
takardun Rifkatu a hammata,
rana irin ta Sakkwato, mai narka kwalta.
A sakatariya akawu ya ɗaga biro:
"Wa ab babanka?" Na ce, Ishaya mai faci.
"To, shi wa yah haihe shi?"
Harshena ya laluba, bai sami komai ba.

A bakin Kara aka tsinci babana,
shekarar da yunwa ta koro mutanen arewa,
yaro da tsage uku a kumatu
waɗanda ba wanzamin da ya iya karantawa.
Wata mai tabarmi ta goya shi,
ta ba shi kunu, ta ba shi suna,
amma ba ta iya ba shi kaka ba.

Akawu ya turo takardar, ba da faɗa ba:
"Gurbin ga ba a barinai wofi."
Ban ga laifinsa ba.
Nan gari ne da ake jan kakanni kamar carbi,
ni kuwa zarena ƙwaya biyu gare shi,
ko ƙulli bai kai ba.

Laraba da dare aka ɗauke wuta a majami'a.
Baba Filibus ya gyara tabarau mai ɗaurin zare,
ya haska fitilar waya a kan shafi,
ya ce, yau baƙo gare mu: Malkisadik.
Ibrahim na dawowa daga yaƙi,
ƙura a gemu, jinin wasu a takalmi,
sai ga mutum a hanya da gurasa da ruwan inabi.
Bai tambayi wa aka kashe ba.

Sarki ne, kuma firist.
Wannan bai girgiza kowa a bencinmu ba;
mun girma a inda rawani ɗaya
kan ɗauki mulki da limanci tare.
Abin da ya sa na gyara zama daban ne:
littafin da bai gajiya da wane ya haifi wane,
da ya zo kansa sai ya yi gum.
Ba uwa, ba uba, ba ranar suna,
kabarinsa ma ba a nuna ba.

Kuma uban al'ummai ne ya sunkuya!
Shi ya ƙirga ushiri ya miƙa,
firistocin da za a haifa duk suna cikin ƙugunsa,
suka rusuna tun ba su ga rana ba.

Baba Filibus ya ce, inuwa ce wannan,
mai inuwar na tafe a baya.
Almasihu bai gaji bagade ba,
gidansu ba gidan masu yanka hadaya ba ne.
Su can, uba ya mutu ɗa ya ɗauki wuƙa,
rago bayan rago, jini bai taɓa isa ba.
Shi sau ɗaya ya shiga,
shi ne mai miƙawa, shi ne abin miƙawar,
shaidarsa kuwa rai ne
wanda rami ya haɗiya bai iya riƙewa ba.

Saratu mai ƙosai ta ce, "To, mala'ika ne ko mutum?"
Tsoho ya yi dariya har da tari:
"Abin da aka rufe, 'yata, ni ban buɗe ba."

Ba zan ce babana Malkisadik ne ba.
Mai faci ne, mai saurin fushi, ya mutu da bashin tayoyi.
Amma ran Lahadi, da tire ya iso layinmu,
na ɗauki gutsuren gurasa, yatsuna na rawa,
na jira a ce, ɗan gidan wa?
Ba a ce ba.

Gobe zan koma sakatariya da mai unguwa,
ko ya sa baki, ko a ce mu dawo.
Rifkatu ta goge takardar da ta lanƙwashe,
ta sa ta a ƙarƙashin katifa ta miƙe.
Gurbin na nan fari fat.
Na daɗe ina kallonsa daren jiya,
karo na farko bai yi mini kama da rami ba.