Shinge Kafin Fau

Tsakanin Gadarif da Fau, bayan lisha,
riɗi buhu tamanin a bayana,
sai ga ganguna biyu da igiya a tsakiyar kwalta,
tocila tana lilo: tsaya.

Bindigar na ƙarƙashin kujera, naɗe a tsohon rawani.
Takardarta na aljihuna, da hatimi,
da hotona tun gemu bai yi furfura ba.
Ban saci ko allura ba.
Amma je ka gaya wa gwiwata,
da ta fara kaɗa kalangu a jikin ƙofa.

Ilu na Maiwurno, da ya ɗora ni kan sitiyari, ya sha faɗa:
"Kashe inji. Kunna fitilar ciki.
Hannu biyu a sarari, kamar mai jin ɗumi.
Kada ka yi wa aljihu gaggawa.
Mai tsayar da kai, shi ma wata ce ta haife shi
kuma tana jiran sa."

Ya matso. Yaro ne,
gashin bakinsa bai gama shawarar fitowa ba.
Wani daga cikin duhu ya kira shi Muzammil.
Ya haska goshina, ya karanta gumi,
ban san me gumin ya shaida masa ba.
Yatsarsa dai ta sauka kusa da kunama.

"Da makami a motar?"

Miyau ya ƙafe.
Na auna kalmomin ɗaya ɗaya, awon mai zinariya:
"Akwai. Da lasisi. Tana ƙarƙashina.
Ba zan motsa ba sai ka ce."

Ya ja da baya taku guda.
Gyare ya cika wurin da kuka.
A nan na lura
hasken da ke fuskata rawa yake yi,
kuma ba iska.

Da kansa ya zaro takardar daga aljihuna.
Ya daɗe a kan hoton.
"Ya Haj, me ya sa jikinka ke ɓari?"
Na ce, "Abin da ya sa tocilarka."

Shiru.
Sannan dariya ta kuɓuce masa ta hanci,
gajeriya, irin ta mai jin kunya.
Igiya ta kwanta.

A Fau na tsaya wurin mai shayi.
Ta miƙo kofi, da na'ana'a a kai.
Rabi na sha.
Rabin, rigata ce ta sha.