Lissafin Jar Mota

Daga Kwatano na taho da ita, ta Kamba,
ja kamar albasar Aliero,
kujera biyu rak.
Ka danna maɓalli, rufinta ya naɗe kansa
ya kwanta a baya kamar tabarmar baƙo.
Ranar da na shigo Argungu
har masu ɗinkin koma sai da suka ɗago kai.

Dillali ya ce silinda takwas.
Na ji daɗin adadin.
Ban tambaya ba ko baki takwas ne,
kowanne da maƙoshinsa.

A bayan littafin awon shinkafa na fara rubutu:
zuwa Birnin Kebbi, lita goma sha ɗaya,
in na lallaɓa ta kamar mai dakon ƙwai.
In na taka ta yadda take so
allura na sauka ina kallo,
kamar gulbi a bazara,
sai dai gulbi kan ɗauki watanni.

Tunau na gidan mai ya daina ce mini Sahabi.
Yanzu ranka ya daɗe nake.
Da ya hango ja a kwana zai miƙe tsaye.

Na taɓa gwada mata na bumburutu,
ta yi tari daga tasha har ƙofar gida.
Arzika ya buɗe gabanta, ya daɗe shiru,
ya goge hannu da tsumma, ya ce:
"Wagga ba a ba ta tuwon kwana."
Filogi takwas.
Baƙin mai na gwangwani mai hatimi.
Taya ta fashe a hanyar Gulma,
babu irinta a Kabi kaf,
sati uku tana tafe daga Legas,
buhu huɗu na shanshera suka tafi tarbarta.

Ƙirjinta dab da ƙasa yake.
Duk kunyar da aka yi wa titi
sai ta kankare ciki da ƙara,
ni kuma tawa kunyar ta rufe ni,
'yan kabu-kabu na wucewa suna yi mini sannu.

Kulu ta shiga sau ɗaya,
iska ta tafi da ɗankwalinta cikin gonar wani.
Ta ce, "Ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar ɗiya,
to mi take ɗauka?"
Na ce hankalin mutane.
Ta ce, "Naka ta fara ɗauka."

Ruwan farko ya riske ni a kasuwa,
na danna maɓalli, rufi ya ɗaga rabi ya tsaya
kamar mai gaisuwa da ciwon baya.
Na iso gida zaune cikin tafki.
Wannan ma buhu biyu.

Sai rani ya kama.
Injin ban-ruwa uku a fadama,
mai ya yi wuya a gari,
shuka ta fara naɗe kunne.
Na zauna da biro:
cikin tankinta ɗaya
kwana tara ne na inji guda,
kwana tara na ruwa yana bin kwami yana waƙa.

Bayan isha'i na ɗauko tiyo da jarka.
Na durƙusa gefenta kamar mai tatsar saniya,
na zuƙa, fetur ya cika mini baki.
Na tofar. Kwana biyu ina jin sa a fura.

Yanzu tana ƙarƙashin bedi, cikin tamfol,
kaza ta gano inuwarta.
Masu taya sun zo su uku,
kowa ya ji shan manta sai ya tuna yana da uzuri.

Amma Jumma'a, bayan la'asar,
nakan auna lita biyar, da mazurari, ba ɗigon ƙari,
in yaye tamfol, in buɗe mata kai,
in miƙa hanyar gada.
Sau ɗaya nake taka ta.
Ta yi gurnani daga can cikin ƙirji,
balbelu su tashi fari fat daga kan shinkafa,
iska ta cika mini riga har wuya,
hula na hannuna.

In na dawo nakan buɗe littafi,
in rubuta lita biyar a layin asara,
in tsaya da biro a hannu
har Kulu ta kira ni cin tuwo.