Komawa Aji

Shekara ashirin da shida ina karɓar haihuwa a Daura,
yau ga ni kan benci, da biro da sabon littafi,
gwiwa tana ƙara.
An ce gemu ba ya hana ilimi;
ni furfura ce tawa, ɗankwali ya rufa mata asiri.

Malamar tamu, Dakta Nusaiba,
ni na yanke mata cibi, daren wata Laraba,
da fitilar ƙwai, an ɗauke wuta.
Yau ita ke cewa, "Iya, sake riƙon allurar,
kwantar da ita, ƙarƙashin fata kawai."
Hannun roba ba ya cewa wayyo.
Sau bakwai na dasa masa ashanar tazara
kafin ta gyaɗa kai.

Bayan azahar ta haska hoto a bango:
ciki ya yi ɓatan kai,
ya yada zango a bututu, bai kai mahaifa ba.
Ciwon mara gefe guda, jiri, kafaɗa na sara,
jini na malala ta ciki,
zane kuwa fes.

Sai biro ya tsaya.

Barira ce, daga Sandamu, kwance bayan a-kori-kura.
Na ce ƙabar ciki ce.
Na ba ta ƙwaya biyu, na ce ta dawo jibi.
Jibin, mijinta ne ya dawo da katin.

An raba shinkafa, ban buɗe tawa ba.

Na ɗaga hannu kamar 'yar aji ɗaya:
"Dakta, maimaita alamomin nan.
A hankali, 'yata.
Rubutawa nake."