Robar Gilashin Gaba

Ruwan fari ne ya tona asiri.
Daren Talata ya sauka a Jega,
da safe na iske tafki ƙarƙashin sitiyari,
takardun mota sun jiƙe sun manne da juna.

Robar da ta riƙe gilashin gaba
shekara talatin da 'yan kai
ta tsattsage kamar faso a dugadugin manomi.
Na taɓa ta da farce, ta marmashe,
baƙin gari a tafin hannuna.

Fijon Baba ce.
Ta yi jigilar albasar Aliero har warin ya zama nata.
Ranar rabon gado ta faɗo kasona,
fadama ta faɗa wa Labbo,
kowa ya tashi yana ganin shi aka ƙwara.
Damina biyu ke nan
ba abin da ke haɗa mu sai sahun masallaci.

Na sayo sabuwa a shagon Obinna,
a nannaɗe kamar kumurcin da ya ƙoshi.
Ya ce, "Shanya ta a rana ta yi laushi.
Nemi igiya siririya da ruwan sabulu.
Amma fa, Malam, ba aikin mutum ɗaya ba ne."
Na yi kamar ban ji ba.

Da wuƙar yankan kubewar Hajo na farke tsohuwar.
Gilashi ya saki, na rungume shi kamar majinyaci,
na kwantar bisa katifar yara a gindin darbejiya.
Cikin kwarmin ƙarfe, ban da tsatsa,
ga tsinken sakace, ga ƙwayar gero,
ga kwabo ɗaya mai huda
da ban san wanda ya cusa ba.
Na kankare, na goge, na sa kwabon a aljihu.

Na ɗaura roba a bakin gilashi,
na zura igiya cikin tsagarta, zagaye guda,
bakin biyu suka haɗu a ƙasa.
Daga nan fa
hannu biyu suka kasa.
In na danna daga waje, wa zai ja daga ciki?

Ban ga lokacin da Hajo ta aiki yaro ba.
Sai inuwa a kan bonet.
Labbo ne, da laka har ƙwauri,
bai yi sallama ba, ya naɗe hannun riga.
"Shiga ciki. Ni in danna."

Na shiga.
Tafukansa biyu a shimfiɗe bisa gilashi,
ina ganin zanensu, ina ganin tabon lauje,
ina ganin furfurar da ban san ta fito ba.
Goshin nan na Baba ne.
"Ja sannu. Kak ka fizga."
Muryarsa na zuwa kamar daga cikin rijiya.
Na ja.
Leɓen roba na hawa bakin ƙarfe, taƙi bayan taƙi,
igiya na cin yatsuna, sabulu na ɗiga a gwiwata.
A kusurwar hagu ta cije.
Muka tsaya muna kallon juna, gumi na zuba,
ya ɗaga hannu ya mari gilashin, ɗas,
ta faɗa mazauninta.
"Hakanan tsoho ka yi," in ji shi.

Muka gwada da buta uku.
Ɗigo ɗaya ya ratso ta hagun nan.
Ya ce a bar ta ta kwana, roba ma sai ta saba da wuri.

Da zai tafi ya tsaya a zaure:
ko motar za ta iya kai taki fadama ran Alhamis?
Na ce mai dai nasa ne.
Ya yi tsaki, amma na ga haƙorinsa.

Hadari ya haɗo da la'asar.
Shaidar tafukansa na nan a gilashi, farin sabulu ya bushe.
Hajo ta miƙo tsumma.
Na ce ta bari, ruwa na tafe.