Ɗakin Hoto, Tudun Wada

Baba Jatau, ja numfashi. Riƙe.
Kar ka motsa.
Saki.

Ina bayan gilashi cikin rigar dalma,
nauyinta a kafaɗa kamar goyon wata.
In haske ya yi kaɗan, hoto ya fito dishi-dishi,
a ce a sake.
In ya yi yawa, jikinka zai biya,
ba yau ba.
Shekara tara ina laluben tsakiya
kamar mai sa gishiri a miyar baƙo.

Ga haƙarƙarinka a allo,
katakan layin dogon Kakuri.
Zuciya ta ɗan faɗaɗa. Na yi shiru,
faɗar ta likita ce.

Kana maida maɓallan riga kana mita:
Ladingo ta hana masa, ta hana shayi mai kauri,
sai acca, sai zogale,
tana rubuta awon sukari a bayan kalanda.
"Wai jikina ya manta yadda ake ƙona tuwo."

Na rubuta awon haskenka a littafi,
bai kai na bara ba.
Ita ma tana gida tana ƙirga cokali.

Ruwa ya tsuge a kan kwano.
Na kira na gaba.